Laka a Riga, Taya Fes

"Daga ina kake, Curtis?" in ji Darlene.

"Daji mana. Ba ki ga jikina ba?" in ji mijin nata.

Darlene ta gani. Laka har ƙeyarsa, amma tayoyin kekensa fes, kamar an lashe. Tun da suka koma ƙaramin gida a birnin Minneapolis na Amurka suka yi alkawari kowa ya sayar da tarin kekunansa, ya riƙe guda ɗaya mai shiga kwalta da daji da ƙanƙara. Shi ya fi cika baki a kan maganar. To wane daji ne ke ɓata mutum ya ƙyale kekensa?

Ranar Asabar ta bi shi daga nesa. Da ya karya kwana ya shiga wani layi, ta ɗan dakata, don ta san layin. Ya tsaya a wani gida, wata dattijuwa ta ɗaga masa ƙofar gareji. Ya jingine keken alkawari, ya turo tsohon kekensa na hawan dutse, yana shafa sirdin.

Darlene ta so ta juya, amma ya riga ya hango ta. Sai ta yi ƙarfin hali.

"Wannan ne ka sayar? Maƙaryaci! Ko kunya ba ka ji?"

Dattijuwar ta gyara tabarau, ta washe baki.

"A'a, Darlene, 'yata! Yau ai ba Talata ba ce. Wanne zan fito miki da shi cikin kekunan naki, na tseren ko mai manyan tayoyin?"