Boris a Motar Bielak

Na rantse da sifanar da na gada wajen ubana, ko kun ji wannan ba za ku yarda ba. Ni Lonnie Tackett, wanda aka kora daga sakandare don na kwance tayoyin motar shugaban makaranta na jera masa a ƙofar ofis, wai ni aka yi wa haka a garin Warren, a bainar jama'a.

Casimir Bielak wani tsoho ne da ya tare a unguwarmu da bazara, shi da motarsa GTO ƙirar 1967, ja wur kamar gauta. Motar ta fi ƙarfinsa. Mutum ne mai girman kan tsiya: ka gaishe shi yana wucewa, ko waiwaye ba zai yi ba. In ka sha gabansa, sai ya kafe ka da ido kamar ka ci masa bashi, ya amsa da ƙarfi kamar mai kiran kare. Ba ya ɗaukar kowa a motar, rediyo ma ba ya kunnawa, kada waƙa ta ɓata masa kujera.

Na ce ya sayar mini. Ya ce, "A'a, yaro." Ni da furfura a gemu.

Sai ga shi wata rana a garejina, gaban motar yana rawa. Na ɗaga ta na duba. Hannayen ƙasa, ƙarafan nan biyu da ke riƙe da tayoyin gaba, sun gaji. Bushin, robar da ke gaɓoɓinsu, ya zama gari, boljoyin da ke haɗa su da taya yana lilo.

Aiki kam na yi shi, don a duk Michigan ba wanda ya fi ni. Na danne sifirin, na zare hannayen, na kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari, na dasa sabon bushin da sabon boljoyin. Irin waɗannan tsofaffin hannaye cikinsu a buɗe yake ta ƙasa kamar kwalbati, shi ya sa muke yi musu marfi da fallen ƙarfe, a bi da walda don su ƙara ƙwari. Kafin in rufe na hagu, na jefa 'yan ƙwallayen ƙarfe na boris a ciki. Na yi walda, na goge, na fesa baƙin fenti.

Duk mai tsohuwar mota ya san abin da ƙarar da ba a gano ba take yi wa mutum. Zai canja shokozoba, ya kwance salansa, ya tsani motar, ya tsani kansa. Daga nan ya zo ya roƙe ni in raba shi da ita.

Na gwada ta a inda hanya ta tsallaka titin jirgin ƙasa. Caka-caka-caka, kamar an ba mahaukaci caki. Har hawaye na yi don dariya.

Na jira. Mako ya wuce, wata ya wuce. Tsohon nan kullum yana wuce garejina, gwiwar hannu a taga, yana faɗawa kowane ramin da ke titinmu, fuska fes. Na tare shi a gidan mai.

"Mista Bielak, ya motar?"

"Kamar sabuwa. Hannunka yana da kyau, yaro."

Kun ji taurin kai. Gara ƙara ta cinye masa ƙwaƙwalwa da ya yarda motarsa tana da aibu. Ni kuwa abin ya fara cina, don shirya mugunta ba mai kallo kamar dafa nama ne a zubar.

Ran Asabar da rana mukan taru a filin shagon donot, kowa ya buɗe bakin motarsa ana yi wa juna ƙarya. Bielak ya kafa kujerarsa can ƙarshen fili, shi kaɗai, yana kallon mutane ɗaya bayan ɗaya. Ni ina wannan ƙarshen da Vern mai sayar da taya. Injuna suna ruri, ko kanka ba ka ji.

Na matsa kusa da Vern, na rage murya.

"Ka ga wancan tsohon kwaɗon? Boris na rufe masa a hannun hagu na motarsa. Kafin sanyi ya shigo, motar nan tawa ce."

"Kai dai Allah ya shirye ka," in ji Vern, yana tauna donot.

Bielak ya miƙe. Ya buɗe but ɗin motarsa, ya ɗauko jak, ya ratso filin nan kaf ba gaggawa, ya dire shi a kan takalmina.

"Tsohon kwaɗo yana gaisuwa," ya ce, da muryar nan tasa da ta sa aka fara kashe injuna. "Boris a hannun hagu, ko? Kafin sanyi ya shigo? Kwanta ka ciro hannun nan yanzu, ka yanka shi a gaban mutanen da ke kai maka motocinsu. Sabo kuma daga aljihunka."

Na dubi Vern. Vern bai motsa daga gefena ba, sukari ma na bakinsa. Mutane sun kewaye mu, rabinsu motocinsu sun kwana a garejina. Na durƙusa a kan kwalta mai zafi, na tura jak ƙarƙashin motar.

"Amma tsakani da Allah, dattijo, yaya aka yi ka ji daga can?"

Bai amsa ba. Sai da na ɗago kai na maimaita yana kallona.

"Ji kuma? Tun ina saurayi injin buga ƙarfe ya cinye mini kunnuwa, ko tsawa ba na ji. Leɓen mutane nake karantawa, yaro, naka kuwa daga bangon duniya ana ganinsa."