Mai Zango

"Kaka, kalma uku ce fa: na dawo gida."

Tsohon ya ƙi. Rana na shirin faɗuwa, gobe kuma jikarsa za ta mayar da kyamarar jami'a birnin Wad Madani. Ustaz, malaminta, ya gindaya mata sharaɗi: jarumi ya fita, ya sha wuya, ya komo gida. In babu komowa, babu fim, babu shahadar kammala karatu.

Amma iyayen kakanta sun baro yamma a ƙafa da niyyar Makka, suka yada zango a gonakin auduga na garin Hajj Abdalla. Nan aka haife shi, nan ya yi furfura, bai taɓa kiran garin gida ba.

"Amarya, in na faɗa, na sauke niyyar ubana ke nan."

Ta yi ƙwalla. Ya daɗe yana dubanta, sannan ya ɗauki sanda ya fita, ya juyo ya tsaya bakin ƙofarsa. Ta kunna kyamara.

"Salamu alaikum, masu gida! Matafiyi ne, a taimaka da ruwa."

Kakarta, ba wanda ya tsara mata, ta fito da moɗa ta durƙusa.

"Maraba da baƙo. Sai yaushe tafiya?"

"Bayan cirar auduga, in Allah ya so."