Tayar da Ke Kuka a Kwana

Kai da ka zo mini da ƙorafin wai abokin sana'arka ya cika mita, komai ka taɓa sai ya ce ba haka ba, gyara zama ka ji labarin wani direba.

Direban nan tun tasowarsa ba abin da ke ransa irin tseren mota. A bayan garinsu akwai wani tsohon filin jirgi da masu sha'awar abin suka gyara, suna tsere a kai duk bayan damina. Shi kuwa ko keke bai mallaka ba. Sai da ya yi ta naci kafin yayansa ya ba shi aron motarsa, da sharaɗi guda: in ta dawo gida da ƙafarta, ya ci gaba da ɗauka, in kuwa janwe ne ya jawo ta, to shi da tsere sai dai a mafarki. Motar tana da sababbin tayoyi, irin na kowa da kowa, waɗanda ake zuwa kasuwa da gaisuwar suna da su. Gogan naka ya dube su ya taɓe baki. Ya je wurin wani dillali ya samo tayoyin gasa na hannu, faffaɗa, sumul ba zane, wai da su aka taɓa cin kofi a ƙasar waje. Ya ɗaura su, ya yi ta zagaya motar yana shafa su, bakinsa har kunne. Abin da bai sani ba shi ne, irin wannan taya ba a gane tsufanta da ido, tunda dama sumul aka yi ta. Duk lokacin da ta sha zafi a fili ta huce, robarta ƙara tauri take yi, har ta rasa danƙon da take kama kwalta da shi. Ranar gwaji ya shiga fili, ya sha kwana lafiya, ya sake shan wata lafiya, tayoyin shiru kake ji. Daɗi ya kwashe shi, ya ƙara taka totur. Yana shiga babbar kwana, ba ƙara ba sallama, bayan motar ya kufce, ta wulwula da shi, ta je ta tsaya dab da bakin kwalbati. Ya fito daga motar. Ya danna farce a jikin tayar, ko alama bai bari ba, tauri kamar tsohon ƙirgi. Nan tsoro ya kama shi sosai, don fuskar yayansa kawai yake gani.

Ba don ransa ya so ba ya kwance su, ya mayar da tayoyin da ya raina. Su kuwa ba su iya rufa wa mutum asiri ba. Duk kwanar da ya shiga sai sun tsala kuka, har 'yan kallo suka sa wa motar suna akuyar kasuwa, yana wucewa suna yi masa "meee". Kunya ta ishe shi, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma da ya yi ta zagaye, sai kunnensa ya fara rarrabe kukan. Akwai siriri, wanda ke nufin har yanzu suna riƙe da kwalta. Akwai mai kauri, wanda ke nufin ya kusa wuce gona da iri. In ya ji mai kaurin ya ɗan ɗaga ƙafa, sai motar ta dawo hannunsa. Ashe abin da yake jin kunyarsa shi ke tsare masa motar yayansa. Ba musu, tayar gasa a ƙuruciyarta ta fi waɗannan riƙo nesa ba kusa ba, amma tasa tayar ƙuruciyarta ta daɗe da wucewa, sai sunan. Ya mayar wa dillali kayansa, sai ga wani ɗan tsere yana rawar jiki zai ɗauka. Direban ya ja shi gefe ya gaya masa abin da ya faru da shi a babbar kwana. Wancan ya yi dariya ya ce, "Kai dai ka ce hassada kake yi, mai akuya."

Ranar tsere mai dariyar nan ya wuce shi fuuu tun daga farko. Direban bai bi shi ba, kunnensa na kan tayoyinsa, suna kuka yana saurare. Da ya iso babbar kwana sai ya hango motar wancan a cikin kwalbati, mai ita tsaye a gefe, Allah ya tsare shi, ya ɗora hannu a ka yana jiran janwe. Direban namu bai zo na ɗaya ba, masu sababbin tayoyin gasa sun riga shi. Amma ya gama, ya bar mutane da yawa a baya, farin ciki ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa. Yayansa ya fito daga cikin 'yan kallo, ya zagaya motar bai ga ko ƙwarzane ba. Direban ya miƙa masa mukulli, yayan ya ture hannunsa ya ce, "Riƙe, baɗi ma akwai tsere."

To kai ma koma wurin abokin nan naka mai mita, ka saurara da kyau. Mai yin shiru har ka faɗa kwalbati shi ne abin tsoro. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.