Muryar Inna a Katin Memori

Na ji kana cewa hannunka ya saba da aikin, ba sai ka tsaya dube-dube ba. To, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani mai gyaran waya da rediyo a bakin tasha, gwani na gaske, wanda in ya ce abu ya mutu, to sai bola. Mahaifiyarsa mace ce da ba ta iya daka shiru. Tana kirɓa taɓarya tana waƙa, tana yi wa mijinta zambo, tana jero sunayen kakanninta. Kafin ta rasu ɗan ya ɗauki muryarta da yawa a waya, duk a cikin katin memori guda, ɗan baƙin abin nan da bai kai farcen yatsa ba, kuma bai taɓa kwafe su a wani wuri ba. Bayan rasuwarta sai mahaifinsa, tsoho da idonsa ya yi rauni, ya zama ba shi da abin ɗebe kewa sai muryar nan. Amma wayar shafe-shafe ta gagare shi: ya taɓa nan, ta tafi can. Haka zai wuni a zaure yana jiran ɗan ya taso daga shago ya kunna masa. Abin ya riƙa cin ɗan a rai, har ya samo dabara. Ya sayo wata 'yar kwamfuta falle guda, kamar tafin hannu, ko murfi ba ta da shi. Nufinsa ya cusa ta a cikin tsohuwar rediyon Baba, ta yadda da tsohon ya murɗa makunnin da yatsunsa suka sani shekara da shekaru, sai Inna ta kama waƙa. Don murna bai iya riƙe zancen ba, tun kafin ya fara aikin ya yi wa tsohon albishir.

Ita irin wannan kwamfuta fanko take zuwa, ba ta san komai ba. Sai an ɗora mata babbar manhajar da za ta tafiyar da ita, kuma a kan katin memori ake ɗorawa. Kafin manhajar ta zauna, duk abin da ke cikin katin sai an share shi tas, kamar yadda ake sassabe gona kafin shuka. Mai gyaran ya san haka sarai, shi ke faɗa wa mutane ma. Ya sayi sabon kati, irin na Inna sak, kamfani ɗaya, girma ɗaya. Don kada ya yi aiki biyu, sai ya soka su duka a babbar kwamfutarsa ta shago, da nufin in ya gama ɗora manhajar a sabon, ya kwaso waƙoƙin daga tsohon nan take. Ga mai sayen caja a tsaye yana ciniki, ga wata tana ƙorafin lasifikar wayarta. Katunan biyu suka bayyana a fuskar kwamfuta da suna iri ɗaya, ya zaɓi na sama. Na'ura ta yi masa gargaɗi, ba ta ɓoye ba: duk abin da ke cikin katin nan zai goge, ka yarda? Wannan tambaya ya amsa ta ba adadi a kan katunan mutane, har yatsansa ya daina jiran idonsa. Ya danna, ya juya ya ci gaba da sallamar masu jira. Aiki kuwa ya yi kyau. Ya sa katin a 'yar kwamfutar, ya jona wuta, koriyar fitila ta fara ƙyaftawa, rubutu ya zubo a fuskar allon da ya haɗa mata, komai ya tashi lafiya lau. Har ya yi murmushi. Sai ya buɗe ɗaya katin don ya kwaso muryar Inna, ya tarar da shi wayam. Sabon ne. A kan muryar uwarsa ya ɗora manhajar.

Wallahi ina tausayin mutumin nan, don ba sakaci da uwa ya kai shi ba, son faranta wa uba ne. Ya rufe shago, ya bi duk wanda aka ce masa ya iya tono abin da aka goge, har waɗanda da can su ke kawo masa aiki. Abin da aka iya cetowa ɗan guntu ne: ƙarar taɓarya a turmi, sai Inna ta yi gyaran murya za ta fara, shi ke nan ya yanke. Wannan guntun ya sa a rediyon, ya kai zaure, ya durƙusa ya faɗi gaskiya. Tsohon bai yi faɗa ba. Ya laluba ya murɗa makunnin, ya ji dakan, ya ji gyaran muryar, ya karkata kunne yana jiran waƙar. Ya kashe, ya sake murɗawa. Can ya ce, “Bar shi haka, ɗana. Sauran na san shi.” Daga ranar kullum mai gyaran ya dawo gida yakan tarar da shi da rediyon a cinya, uwar na gyara murya, uban na jira, shi kuma ya rasa inda zai sa idonsa.

Saboda haka ko hannunka ya kai ina wajen sabo, ka tsaya ka duba abin da za ka share kafin ka danna. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce garin neman gira akan rasa ido.