Tambayar da Babu Mai Tanada

"Umma, cikin ya motsa yau," na rubuta.

"Allah ya raba lafiya, Auta. Kin ci abinci?"

Tun da ciwo ya ɗauke mata murya, ni kuma ina nesa, a shafin da Yaya ya gina mana muke hira. Amma yau kafin in ƙifta ido amsa ta iso. Umman da ke lalube haruffa da yatsa ɗaya?

Sana'armu ɗaya da Yaya, haɗa manhajar kwamfuta, sai na leƙa cikin shafin. Ashe saƙona ba ya zuwa ko'ina. Wakilin na'ura ne mai ajiyayyun amsoshi ke amsawa daga cikin kwamfutata, irin wanda ake ƙerawa tun lokacin haɗa manhaja. Ba ya ƙirƙirar komai. Abin da ba a tanadar masa ba, kuskure yake nunawa.

Na nemi tambayar da babu mai tanada.

"Umma, kina raye?"

Na jira jan rubutun kuskure.

"Na san halinki, shi ya sa na ce yayanki ya saka wannan. Ni na hana a faɗa miki sai kin sauka. Ki yafe mini, Auta. Kin ci abinci?"