Kwana Tara Kwamfuta Ba Ta Yi Ƙara Ba

"Wilmer, ko ka gyara ta yanzu, ko in fasa ta!" na daka wa mai gyaran kwamfuta tsawa.

Kwana tara ke nan da 'yarmu Yulimar ta shiga dajin Darién mai haɗari a ƙafa, hanyar 'yan ci-rani. Ta ce da ta fita za ta aiko da imel. Ni da matata Herminia ba mu iya karatu ba. Ƙarar da kwamfutar ke yi in saƙo ya shigo muke jira, mu kira maƙwabciya ta karanta mana. Shiru kake ji. Herminia har ta daina cin abinci.

"Baba Anacleto, daina huci a ƙeyata mana," Wilmer ya ce mini.

Ya duba nan, ya danna can, ya rarrafa ƙarƙashin tebur. Sai ya ɗago da wayar lantarki a hannu.

"Wane gwani ne ya zare wayar lasifika ya jona fitila?"

Fitilar gaban hoton Budurwa Maryamu ce. Ni na jona ta ranar da yarinyar ta tafi, ina roƙon mu ji daga gare ta.

Wilmer ya leƙa allon.

"Saƙo shida, tsoho. Ta fita lafiya. Tun Talata take tambaya ko kun mutu ne."