Motar da Labbo Bai San Mai Ita Ba

Da fitinar 'yan bindiga ta kori Malam Labbo daga Kucheri, sai ya sayar da ragowar shanunsa ya sayi gida a bayan garin Gusau. Abin da ya ja hankalinsa ga gidan shi ne filin ƙofarsa mai rumfar kwano, inda zai riƙa ajiye motarsa ta dakon hatsi.

Ashe maƙwabta sun riga shi. Tun gidan yana kango suke ajiye ababen hawansu a wurin, kuma tarewar mai gida ba ta sa kowa ya matsa ba. Labbo kan dawo daga kasuwar Tsafe a gajiye, ya tarar rumfarsa ta cika, ya lallaɓa ya bar tasa motar a bakin kwata. Abin yana cin ransa, amma in ya haɗu da su sai ya washe baki ya gaishe su.

Wata rana matarsa Shafa'atu ta ce, "Malam, wagga farar mota mai tamfol ta wa ce? Kullum nan take wuni."

"Bashar na gidan kusa ya ce ta abokinsa ce. Mu baƙi ne, Shafa'atu. Daga zuwa sai mu fara korar mutane?"

"Ban ce ka kori kowa ba. Tambaya kawai za ka yi."

Bai yi ba. Ya fi son a ce masa mutumin kirki.

Wata Laraba da hantsi jami'an tsaro suka dira a unguwar, suka yaye tamfol ɗin. Jarkokin fetur ne da burodi da magunguna, irin kayan da ake kai wa 'yan bindiga daji. Aka tambaya ko filin na wane ne. Mutanen da suka daɗe suna shan inuwar rumfar suka haɗa baki: "Na Labbo ne."

Labbo ya juya ya dubi Bashar. Bashar ya kawar da kai ya ce, "Ni ban san motar ba. Mutumin nan daga ƙauye ya zo, wa ya san da wa yake hulɗa?"

An tafi da Labbo a gaban iyalinsa. Sai da damina ta wuce aka sako shi, don bincike bai same shi da laifi ba. Amma sunan infoma, ɗan leƙen asirin 'yan bindiga, ya riga ya manne masa. Dillalan hatsi suka daina ba shi kaya. Ranar da ya koma masallacin unguwa, na damansa ya matsa, na hagunsa ma ya matsa, ya yi sallarsa da giɓi a kowane gefe.

Jama'a, kunya ba ta hana tambaya. Filin da yake naka, ka faɗa wa maƙwabta tun ranar farko, cikin mutunci, a gaban mai unguwa. Duk abin da aka ajiye a ƙofarka, kai za a fara kamawa.